Jirgin Soso a Tsakar Gida

Gidan hayar da muka zauna a unguwar Magajiya, tsakar gidansa ko tabarma uku ba za ta ɗauka ba. Ga rijiya, ga igiyoyin shanya, ga bokitan maƙwabta. A nan maigidana ya ce zai tayar da jirgin sama. Na ce, "Malam, ka dai ji tsoron Allah. Kaza ma sai ta yi tunani kafin ta buɗe fiffike a gidan nan."

Ba don kansa yake yi ba. 'Yarmu ta fari tana da sikila. Da damina ta kama, sanyi ya shiga ƙashinta, shi ke nan, babu makaranta, babu wasa, sai kwanciya a bakin ƙofa. Wata rana ta ji ƙugin jirgi ya wuce ya yi Abuja, kafin in ɗago ta ya ɓace. Ta yi ta kuka. Uban ya ce, "Yi shiru, Uwata. Zan yi miki naki, a nan gabanki zai tashi."

Raina ya ɓaci da wannan alkawari. Yarinyar da ba mu iya ɗauke mata ciwo ba, sai mu ƙara mata da jira?

Ya samo farin soson nan mara nauyi da ake tallafe sabuwar talabijin da shi a kwali, wurin wani mai shago a kasuwa. Ɗan injin da rimot kuwa daga wata motar wasa ya ciro su, maƙwabciyarmu malamar firamare, 'yar Filato, ita ta ba shi da yaranta suka karya tayoyin. In ya dawo daga aiki a Abuja, ko takalmi bai cire ba sai ya ɗauki reza. Ya yi ta feƙe fiffike, domin dole jirgin ya zama shafal, ya tafi a hankali, in ba haka ba kafin ya juya ya sha bango. Ya kuwa sha. Na farko rijiya ya faɗa. Na biyu ya maƙale a zanen maƙwabciya. Ɗakina ya cika da farin ɓarɓashi, har a miyar kuka na tsince shi. Na yi masifa har na gaji. Ita kuwa kullum tambayarta ɗaya: "Baba, yau?"

Ciwon ya yi tsanani, aka ba mu gado a asibiti. Muna can ya zo da yamma, yana haki kamar yaro. "Ya tashi! Wallahi ya zagaya, ya wuce ƙarƙashin igiya, ya sauka gefen turmi. Malama shaida ce." Rabon da in ga yarinyar ta yi dariya har na manta. Ta ce, "Baba, ka yi masa kore, kamar ƙofarmu."

Akwai ragowar fentin ƙofar a gwangwani, ya yi kauri. Yadda kowa yake yi a unguwar ya yi: ya tsiyaya fetur a ciki ya dama. Fetur ɗin ma a lokacin sai wurin 'yan bumburutu. Malama ta ce yana shafa buroshi soson ya fara tsuma, ya lotsa, ya narke a hannunsa. Ya yi ta hura masa iska da baki. Ina! Fiffike ya tafi, jiki ya tafi, sai injin da waya suka rage cikin wani koren danƙo.

Da aka sallame mu, tun daga zaure take leƙe. Ya durƙusa gabanta. Ni na faɗa mata. Na so in zage shi, wallahi na so, amma da na ga hannunsa da koren fenti har cikin farce sai na fasa. Tausayinsa ya kama ni, na rasa wanda zan rarrasa a cikinsu.

Ta ce, "Umma, amma da gaske ya tashi?"

Na ce, "Ya tashi." Ni ma ban gani ba.

Ya koma wurin mai shago, aka ce babu soso, kasuwa ta mutu, ba wanda ke sayen talabijin. Ya je nema har Sabon Wuse, ya dawo hannu rabbana. Ya gwada kwali, nauyi ya hana. Ita ta daina tambaya, ƙafafun sun kumbura, sai dai ta bi shi da ido in ya shigo. Ni kuma in dafa ruwan zafi in gasa mata, abin da na iya ke nan.

Damina ba ta ƙare da ita a duniya ba.

Ranar sadakar bakwai, mutane na zaune a ƙofar gida, sai ga mai shagon nan a kan babur, bai ji labari ba. Ya ɗauro farin soso manya-manya a baya, yana washe baki. Ya ce, "Ranka ya daɗe, an saye firji jiya. Wannan kam zai yi jirgi har biyu."

Maigidana ya miƙe, ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce, "Na gode."