Igiyar Labbo Ambursa

Shekara ashirin da uku Malam Labbo Ambursa ya yi yana aikin filin wasa a kwalejin da nake tuƙa wa mota a Birnin Kebbi. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Ya ce kada a yi masa taro. To, bai ce kada a yi rubutu ba.

Da an sallame asuba yake hawo kekensa daga Ambursa, bokiti a gaba, igiya a kafaɗa. Kafin ɗalibai su gama shan koko ya iso. Zai bi filin da ƙafa, ya tsince ƙaya da tsakuwa, ya cike ramin gafiya, ya yayyafa ruwa, sannan ya zuba layi da farar ƙasa. In babu ita ya yi da toka. Haka yake yi har yau, ko da yake shekara uku ke nan rabon filin da gasa.

Yaran yanzu ba su san Gasar Rima ba. An fara ta a 1977, shekara ɗaya da ba mu Jihar Sakkwato. Kwalejoji shida ne a ciki: biyu daga Birnin Kebbi, ɗaya daga Argungu, sauran daga garuruwan da ke kewaye. Sai an gama yankan shinkafa ake yi, kwana uku, bana a garin nan, baɗi a wancan. Akwai ƙwallo, gudu, tsalle, jifan mashi da langa. Kofi ɗaya ne, na tagulla, kuma kusan kullum tsakaninmu da Argungu yake yawo. Ni nake kai 'yan wasanmu a bayan babbar mota, su arba'in, da ganga da buhun rake. In Argungu muka je, garin masunta, tun daga bakin gari ake tarbar mu da tsiya.

"Ga malamai nan sun iso! Kun sha rubutun dai ko? Yau sai shi!"

Namu su mayar: "Ku cikin ruwa kunka iya gudu. Nan tudu ne, babu kwalekwale!"

Da yamma kuma a zauna a ci tuwon shinkafa da kifi a kwano ɗaya. Ban sake ganin irin wannan zama ba.

Duk wannan a kan layin Labbo ake yin sa. Ba shi da tef ɗin awo. Igiyar rama gare shi, shi ya tuƙa ta da hannunsa, wani malamin lissafi ya auna masa ita mita hamsin cif. Shimfiɗa takwas a bi turaku, zagayen mita ɗari huɗu ya cika. Idan ya gama yakan naɗe ta daga tafin hannu zuwa gwiwar hannu yana ƙirgawa a ransa. Naɗi sittin da biyu take yi, kullum.

A 1982 mu ke da masaukin baƙi. Ɗana Abdussamadu, wanda shi ya fara shiga kwaleji a duk zuriyarmu, shi ke mana gudun ɗari huɗu. Dokar gasar ita ce, duk wanda ya karya lokacin da aka taɓa kafawa, a ƙara wa makarantarsa maki uku. Ranar ƙarshe ya yi gudun da ban taɓa gani ba. Agogo biyu suka ce ya karya. Aka haɗa maki, muka wuce Argungu da biyu. Ɗalibai suka ɗaga shi sama. Ni, da ba a taɓa ganin haƙorana a wurin aiki ba, ranar an gani.

Ana jera kujerun ba da kofi bayan la'asar, Labbo yana can ƙarshen fili yana cire turaku. Da safe ya yi awon, ya bar igiyar a miƙe a gefen layi, sai a lokacin ya zo naɗewa. Na gan shi ya naɗe, ya warware, ya sake naɗewa. Sau uku. Sai ya taho wurin teburin alƙalai da ita a hannu.

Na tare shi. "Labbo, lahiya?"

"Sittin da ɗaya," ya ce.

"Sittin da ɗayan mi?"

"Igiyar ta rage, Hodi. Hilin ga bai cika ba."

Ashe kwana huɗu kafin nan maƙwabcinsa Arzika ya ari igiyar don fid da san nomansa da ya kafe a lakar fadama. A Ambursa ba a hana maƙwabci igiya. Ta tsinke wajen ja. Arzika kuwa Basarke ne, masunci, ya tashi cikin saƙar taru. Ya yanke wurin da ya zare, ya saƙe bakin biyu yadda ido ba ya ganewa, ya wanke ta ya mayar. A ganinsa ya gyara, ba abin faɗa ba ne. Naɗi ɗaya sau takwas ya fi mita shida.

Na riƙe masa hannu. Na ce, "Wa at tambaye ka? Kowa hilin nan ya bi. Yaron ya ci ko bai ci ba?"

"Ya ci gudu. Bai ci agogo ba."

"Kai da Allah kaɗai kunka sani."

"To ai mun isa," ya ce. Ya zare hannunsa ya wuce.

Aka aro tef daga wurin masu aikin hanya, aka auna a gaban kowa. Mita ɗari uku da casa'in da uku da 'yan kai. Aka cire maki uku. Kofi ya hau motar Argungu, kuma ko su ba su buga ganga ba sai da suka fita gari.

Abin da ya biyo baya ba ya da daɗin faɗi. Ɗalibai suka sa masa Labbo Ɗan Argungu. Masu shayi a unguwarmu Nasarawa suka daina amsa masa sallama da kyau. Ni na fi kowa. Shekarar da ta biyo a Argungu za a yi, kuma shugaban kwalejinsu ya rubuto cewa ba wanda zai auna musu fili sai Labbo. Ya zo bakin motata da bokitinsa.

"Mota ta cika," na ce.

Ya leƙa. Ya ga wurin mutum biyar. Ya ce, "Allah shi kiyaye hanya, Hodi." Ya hau kekensa. Na wuce shi a hanya ban danna masa oda ba. Ya isa da la'asar, ya auna filin, ya cika cif.

Abdussamadu ya yi gudu a wannan filin ya zo na ɗaya, amma bai karya lokacin ba. Bai taɓa karya shi ba har ya gama. Yanzu yana koyarwa a firamare a Badariya. Na taɓa tayar masa da zancen, ya ce, "Baba, da an bar mini shi, da har yau ina tsammanin na iya abin da ban iya ba."

Daga nan har gasar ta mutu, kwalejojin nan shida ba su yarda da awon kowa ba sai nasa. Ba a kashe ta da takarda ba. Motoci ne suka riƙa mutuwa babu kayan gyara, makarantu biyu suka janye, sannan wasu biyu. A 1987 mu da Argungu kaɗai muka fito. Shekarar da ta biyo ba wanda ya aiko, ba wanda ya tambaya. Na ji an ce kofin yana cikin wani kabad an cika shi da alli.

Labbo, kai ne ma'aunin da ba ya sanin ɗan gida. Kai ne ka tsaya da igiya a gaban gari guda, ba ka da kujera, ba ka da mai tsaya maka. Shekara takwas muna aiki wuri ɗaya, gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma kullum kai ke fara ta.

Ku masu awo, ko na hatsi, ko na gona, ko na jarrabawar 'ya'yan mutane, ku je Ambursa ku ga mutumin nan tun yana da rai.

Na gode maka, Labbo, a madadin duk wanda ya taɓa gudu a kan layinka. Sauran maganar tawa ce ni kaɗai. A gaban mutane na hana ka mota, don haka a gaban mutane zan faɗa: kai ke da gaskiya, kuma tun a ranar na sani. Ka yafe mini.

Hodi Direba
Nasarawa, Birnin Kebbi