Kawu da Tashar Ɗansa

Kawuna, yayan mahaifiyata, manomi ne a Durba, amma ba da noma aka san shi ba. An san shi da sanin asalin kowace kalma. Ko "sannu" ka ce masa, sai ya gyara hula ya faɗa maka inda ta samo asali. Tunda nake ban taɓa jin ya ce bai sani ba.

Mahaifina direba ne, yana jigila tsakanin Rano da Kano, kuma a wurin Kawu wannan kaɗai ya isa laifi. Duk wanda ya ɓata masa rai ɗan tasha ne, duk maganar da ba ta yi masa daɗi ba tashanci ce. Sai dai hakan bai taɓa hana shi hakincewa a gidan gaba na motar mahaifina ba duk ranar da zai shiga birni.

A irin wannan tafiya na fara jin musunsu a kan kalmar.

"Direba," in ji Kawu, "ka san abin da ya sa ake cewa tasha? Saboda daga nan mota take tashi. Tashi, tasha. Kuma duk wanda ya zauna a cikinta, kunyarsa ce take fara tashi."

Mahaifina ya ce, "Yaya, ni dai abin da na ji a wurin tsofaffin direbobi, kalmar Turawa ce. Inda jirgin ƙasa yake tsayawa suke ce wa siteshan, bakin mutanenmu ya sassaƙe ta ta koma tasha. Daga jirgi ta gangaro wa mota."

"To ta rediyo fa? Jirgi ne yake tsayawa a cikinta?"

"Ita ma haka suke kiran ta."

"Ka ji fa! Ta rediyo, magana ce take tashi. Ta lantarki, wuta ce take tashi. In ka ji Bature yana faɗin mai kama da ita, a wurinmu ya ara, harshensa ya kasa."

Mahaifina ya canza giya, ya ci gaba da tuƙinsa.

Shekaru suka ja. Babban ɗan Kawu ya gama karatu a Kano, ya yi zamansa can yana neman abin yi. Wata rana ya kira uban a waya ya ce, "Baba, a sa mini albarka, na buɗe tasha."

Wani uban da sai ya tambaya wace iri. Kawu ba ya tambaya, don a ganinsa tambaya ta marasa sani ce. Ya sa albarka a gajarce, ya yini fuska a murtuke. Amma kafin gari ya waye ya sake lale. Ya fito majalisarsu ta bakin hanyar Kibiya yana bayani cewa zama a tasha daban, mallakar tasha daban. Har ya aika wa mahaifina cewa in yana son a ba motarsa layi mai kyau a Kano, ya yi magana.

Wani tela a majalisar ya ce ai mai ilimi kamar yaron ba zai buɗe ta mota ba, sai dai ta rediyo. Kawu ya ce dama abin da yake nufi ke nan tun farko. Ya koma gida ya ɗauko rediyonsa, ya dinga murɗa shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana neman muryar ɗansa. Ya ji wasan ƙwallo, ya ji tallan maganin basir, bai ji ɗa ba. Ya yanke hukunci cewa 'yan hassada ne suka toshe ta.

Ni na kawo ƙarshen wahalar, ranar da na je Durba gaishe shi, na same shi a majalisa. Na ce, "Kawu, ai tashar tasa a waya take. Bidiyo yake ɗorawa a intanet, mutane su kalla. Ita ma tasha ake cewa."

"Na sani. Buɗe mu gani."

Na buɗe. Ga ɗan nasa nan sanye da babbar rigar Kawu ta sallah, wadda aka daɗe ana nema, ya manna gemun auduga, ya karkace hula. Ya yi gyaran murya irin ta uban sak, ya ɗaga yatsa ya ce, "Kun san abin da ya sa ake cewa burodi? Saboda buro shi ake yi daga tanda." Mutanen majalisa da suka leƙo ta kafaɗata suka fara tari, wasu suka tuna suna da uzuri.

Kawu ya kalla har ƙarshe. Sannan ya ce, "Wannan ba tarbiyyata ba ce. Kuma bayanin burodin ma ba haka yake ba."

Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Rigar ya yafe, gemun audugar ma ya haɗiye, amma a ce ana yaɗa kuskure da muryarsa, wannan bai iya jurewa ba. A Rano kuwa 'yan kamasho da masu lodi duk sun kalla, sun kuma gane mai abin. Da Kawu ya sauka daga mota sai su kewaye shi, su rusuna, su ce, "Malam, don Allah kalmar taya daga ina ta fito?" Shi kuma ya nemi benci ya zauna ya yi musu bayani tiryan-tiryan, su saya masa shayi, su riƙe dariya sai ya ba da baya. Ya gaya wa mahaifiyata cewa ashe yaran nan suna da son ilimi, rashin malami ne ya lalata su.

Da ɗan ya zo gida hutun sallah yana raɓe-raɓe, yana jiran faɗa, sai Kawu ya ce masa ya kafa wayar. Shi da kansa zai shiga tashar ya gyara ɓarnar da aka yi. Ya karɓi rigarsa ya sa, ya zauna a kan buzu a ƙofar gida, ya yi bayani tun daga burodi har zuwa kananzir, bai sha ruwa ba. Aka ɗora.

Da yamma ya kira ni ya ce in karanto masa abin da jama'a suka rubuta a ƙasa. Na yi ta tsallake-tsallake ina zaɓo masu sa albarka, har ya gane, ya ce in karanta duka. Na farko ya ce wannan sabon ɗan wasan bai iya kwaikwayon tsohon ba. Na biyu ya ce gemun bai zauna ba, a dawo da na da. Wata kuma ta ce ya cika zuzuta abin, ai babu dattijon da yake magana haka a duniya.

Kawu ya shafa gemunsa. Ya ce a rubuta musu cewa gemun nasa ne, tun kafin a haifi iyayensu ya tsiro. Ɗan ya rubuta. Aka amsa cewa ko wannan barkwancin ma bai kai na wancan ba.