Kafaɗar Uba

Ku gyara zama, ku kasa kunne, mai hira da na kusa da shi ya dakata tukuna. Abin da zan faɗa a gaban idona ya faru, a nan unguwar Nima, tun gidajenmu duk na ƙasa ne da rufin kwano, tun ruwan babban gota, magudanar unguwa, bai yi baƙin da ya yi yanzu ba.

Mijina ɗan dako ne a Kasuwar Malam Atta. Buhun masara da na gari yake ɗauka daga mota zuwa rumfa, ni kuwa ina sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Amma ranar biki shi ɗan wasa ne, cikin 'yan alkafuran unguwarmu. Shugabansu wani tsoho ne da ya zo daga Arewa tun yana saurayi, muna ce masa Sarkin Wasa. Ya ce a garinsu bayan kaka ake wasan, in hatsi ya shiga rumbu, samari sun ƙoshi, jiki yana neman abin yi. Da ya zo nan Zango, unguwar baƙi, bai tarar da gona ba, sai ya mai da shi wasan Sallah da suna da ɗaurin aure. Ya tara samari, da Bazabarme da Bamoshe da Badagombe da ɗan Kotokoli, kowa da irin tsallen gidansu, ya haɗa su ƙarƙashin kalangu ɗaya.

Ba a shiga filinsa da takalmi, ba a shiga da cikakken ciki. A shafa man kaɗe, a yi Fatiha, kowa ya taɓa ƙasa da tafin hannu. Sai alkafura gaba da baya, sai tafiya da hannu, sai juya daro a kan tsinin sanda har ya riƙa kuka. Abin da ake rufe wasa da shi suna ce masa bene. Mutane ne ke hawa kan mutane. Mijina shi ne ginshiƙi, yana tsakiya a ƙasa, duk mai hawa sai ya taka cinyarsa, ya taka kafaɗarsa, sannan ya wuce. Na can ƙoli, wanda ake ce wa ɗan sama, ƙanensa ne.

Wannan ƙanen miji nawa bai san ƙoshi ba. Kullum da safe yana tsugune gaban kaskona.

"Matarmu, ƙara mini ƙosai."

"Ci, ɗan albarka, ci. Ai wuyan yayanka ne zai biya."

"Ni? Ni da iska ke ɗauka?"

"Iskar da ta ɗauke ka, wallahi sai ta haɗa da rufin masallaci."

Da ya yi aure kuwa sai tumbi ya fito. Yana hawa, na ƙasa suna nishi, masu kallo suna dariya. Aka san ɗan sama ya ƙare, sai a nemi wani.

Ba a yi nisa da nema ba, domin yana cikin gidana. Ɗana na fari ne. Ba na faɗin sunansa, haka muka taso, kuma ba yau zan fara ba. A bakin filin nan ya girma. Ya tashi siriri, mara nauyi, in ya yi alkafura ba ka jin saukarsa. In na aike shi famfo, sai ya dawo da bokiti a ka, yana tafe a kan bakin gota kamar a kan tabarma. Ina gani, in kawar da kai.

To amma akwai doka. Ƙane yana iya taka wansa in ya ce gafara. Yaro yana iya taka maigidansa. Ɗa kuwa, ƙafarsa ba ta hawa kafaɗar ubansa. Sarkin Wasa ya ce haka ya tarar, a garinsu in ɗa ya isa hawa, uba ne ke fita daga fili. Mijina kuma ba shi da magaji a ƙasa, ba wanda zai iya ɗaukar abin da yake ɗauka. Kuma ni na san abin da filin yake a wurinsa. A kasuwa "kaya, kaya" ake kiransa, ba mai tambayar sunansa. A fili kalangu ne ke kiransa, mata suna guɗa.

A lokacin akwai wasu 'yan wasa a bakin teku, masu yi wa Turawa, daga can kuma ake kwasar su zuwa ƙasashen waje. Sun ji labarin yaron, sun fara zuwa har lungunmu. Na san in ya bi su, ya bar hannunmu ke nan. Uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban mutane, saboda haka sai na bari mijina yana cin tuwo, na ce, "Maigida, yaron nan fa, 'yan bakin teku sun sake zuwa."

Ya wanke hannu, ya tafi wurin tsohon. Ƙanensa ne ya kawo mini yadda suka yi. Mijina ya ce wa tsohon, "Baba, kafaɗar nan tawa ce, ɗan ma nawa ne. Na yafe masa, ya hau." Tsohon ya ce, "In ka yafe a gaban jama'a, ni ba zan hana ba. Amma ban taɓa gani ba."

Aka sa kashegarin Babbar Sallah, bayan la'asar, a wani fili a Maamobi. Unguwa duk tana ƙamshin suya. Mutane sun zo har daga unguwar Legos Tawun, yara a kan katanga, direbobin torotoro, motocin hayar nan, sun tsaya a bakin hanya. Ni ina can baya cikin mata, na ja mayafi. Aka yi na farko, aka yi na tsakiya, aka zo bene. Mijina ya kafa ƙafafunsa, na biyu suka hau, na uku suka hau. Sai ya ɗaga murya, da nauyin mutane a kansa, ya ce, "Jama'a ku shaida, na yafe wa ɗana!"

Kalangu ya canja. Yaron ya taho da gudu, ya dafa cinyar ubansa, ya taka ta, ya ɗaga ɗaya ƙafar. Ina ganin tafin ƙafar nan har yau, fari da ƙura, dab da kafaɗar. Nan ta tsaya.

"Hau!" in ji ubansa. "Hau mana, na ce na yafe!"

"Baba, ba zan iya ba."

"Don ubanka, hau!"

Wasu suka fashe da dariya, don uban ne da kansa ke faɗa. Yaron ya sauko a hankali, ya tsuguna a gabansa, kansa a ƙasa. Na sama suka gaji suka diro ɗaya bayan ɗaya. Masu kallo suna ihu, wannan da Turanci, wannan da Asantanci, wani yana cewa tsoro ya ji. Mu da muka san shi mun san bai taɓa tsoron sama ba. Yaron da ko a tabarmar ubansa bai taɓa zama ba, wanda ba ya miƙa masa ruwa a tsaye, shi aka ce ya ɗora masa ƙafa. Mu duka mun yi zaton yafewar uba ta isa. Ba wanda ya tambayi yaron.

Da aka dawo gida mijina ya ce shi zai fita, a nemi wani ginshiƙin ko da benen zai ragu. Yaron ya ce, "Baba, in ka bar fili saboda ni, da wane ido zan hau?" Uban ya ce ya riga ya yanke.

Ba a yi mako ba, wata safiya yaron ya sha kokonsa, ya wanke kofin, ya zo ya tsuguna gefen kaskona. Ya ce, "Inna, zan je bakin teku. Ki ce wa Baba ya zauna a wurinsa." Akwai masu saye tsaye a kaina. Na ƙunsa masa ƙosai mai zafi, na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya bi lungu, na ci gaba da juya ƙosai.

Sarkin Wasa bai daɗe ba bayan haka, ya rasu, aka binne shi nan, bai koma garinsu ba. Da shi kalangun ya yi shiru, samarin suka watse, wasu gareji, wasu ɗinki.

Ƙanen mijina yana nan da ransa, yana sayar da kayan masarufi, jikoki sun cika masa shago. Ko tashi daga benci sai an ba shi hannu, amma har yau in ya gan ni sai ya tambayi ƙosai.

Mijina ya ci gaba da tsayawa a fili har aka daina wasan, ɗan wani yana hawa. Ya yi dako har gwiwa ta ƙi. Allah ya karɓi abinsa da damina, Allah ya ji ƙansa. Ɗansa bai samu zuwa jana'iza ba, takardunsa ba su yarda ba.

Shi kuwa yaron, daga bakin teku aka tafi da su wata ƙasa mai sanyi, daga can wata. Yanzu furfura ta fito masa, ya daina hawa, yana koya wa 'ya'yan mutanen can. Yana da 'ya mace da ban taɓa goyawa ba, ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Yana kira a waya, jikokin maƙwabta su riƙe mini ina kallonsa. Duk shekara yana cewa Sallah mai zuwa.

Ni na bar tuya, idona ba ya son hayaƙi. An ce in koma unguwar Madina, can bayan gari, wurin 'yata, ɗaki mai fanka, na ce a bar ni tukuna. Lungunan nan sun canja, an yi gine-gine, wanda ya daɗe bai zo ba zai iya ɓata. Ƙofar nan kaɗai ya sani, a nan nake zaune.