Ramin Yashin Ustaza Hauwa

Ni ma a da ina zaton golf wasan dattawa ne, a ɗan taɓa ƙwallo a yi yawo a kan ciyawa. Jiya na sauya ra'ayi.

Na raka ɗalibata Ruƙayya gwajin shiga ƙungiyar golf ta 'yan mata ta kwalejinsu. Gurbi ɗaya ya rage, ga shi daf da ƙarshe ƙwallonta ya faɗa ramin yashi, tarkon da kowane ɗan wasa ke gudu. Ta juyo idonta cike da ƙwalla.

Mai horar da su, Ustaza Hauwa, 'yar unguwar Ƙurban ce da ke Madina. Ta koyi wasan nan a filin da babu ko tsinken ciyawa, yau kuwa ɗalibanta sun cika mata ofis da kofuna.

"Ustaza, halas, shi ke nan, na faɗi," in ji Ruƙayya.

"Ya binti, 'yata, a Madina aka haife ki, yashi ne zai ba ki tsoro? Bar ƙwallon. Daki yashin da ke bayansa, shi zai ɗauko miki shi. Yalla, maza."

Ruƙayya ta naɗe hannun abayarta, ta kafa ƙafafu, ta daka. Yashi ya tashi, ƙwallon ya fito a hankali ya kwanta a gindin tutar ramin da ake jefa ƙwallo. Na tsaya baki buɗe.

"Gurbin naki ne," in ji Ustaza. "Gobe da safe, a ramin nan za mu fara."

'Yan matana, ku je ku riƙe sandar golf ɗin nan ko sau ɗaya, ku dawo ku ba ni labari.