Ranar da Inna ta Kira Sunan Yaya

Ɗazu da hantsi jikata ta saki kwanon sha a kan siminti. Ya yi ƙara, ya yi ta juyi a kan bakinsa kafin ya kwanta. Ban yi mata faɗa ba, don da irin wannan ƙara ciwon Inna ya fara a gidanmu na Sabon Gari.

Kafin in kai ku can, sai na gaya muku yadda Inna take da Yaya. Shi ne ɗanta na fari, kuma a zamaninsu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ana yaye shi aka kai shi Tibiri wurin Kaka, mahaifiyar Inna, bai dawo Maraɗi ba sai da ya shiga kolej. Ko a lokacin, in Inna ta kwashe tuwo, ni take miƙa wa ta ce, "Kai ma wancan." Amma malmalar wancan ta fi ta kowa girma, kuma a ƙarƙashinta tsokar nama take ɓuya.

Yaya tun yana yaro ba ya ganin abu ya bar shi a rufe. Yakan fasa gindin mataccen ƙwan lantarki, ya cika shi da ruwa, ya riƙe a kan abin da yake son gani. A garkar Baba ta Jiratawa, lokacin sanyi, ga warin albasa ga ruwa na bin kwalbati, a nan ya fara nuna mini idon fara. Na ga ashe ba ido ɗaya ba ne, ƙananan gidaje ne jere kamar saƙar zuma. Na tsorata na jefar da ƙwan, ya kwana biyu ba ya kula ni.

Shekarun da aka buɗe siyasar jam'iyyu suka same shi a jami'a a Yamai. Yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, shekara ta tafi ba jarrabawa. Ya dawo yana taya Baba ban ruwa, har Allah ya sa ya samu burs, wato tallafin karatu, ya tafi Turai. Ranar tafiyar kowa ya raka shi tasha, ban da Inna. Ta zauna bakin murhu tana tsintar waken da ta riga ta tsince.

Daga baya muka ji yana cikin masu ƙera na'urar da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ba tare da an tsaga kan mutum ba. Kaka ta yi dariya har da hawaye. Da ya zo hutu ta tare shi da tsiyar da suka saba: "Maigidana, kai da ba ka iya ganin tsakuwa cikin shinkahwa, kai za ka ga cikin kai? To duba nawa, ka hwaɗa mani inda na aje carbina."

A wannan hutun ne, farkon bazara, zafi ya hana kowa sakat, kwano ya suɓuce daga hannun Inna. Washegari ma haka. Mu muka ce gajiya ce. Yaya kuwa ya tsaya daga bakin zaure yana kallon yadda take jan ƙafar dama. Ya kira ni ya ce in tambaye ta ko kanta na ciwo da asuba, ko tana amai. Na je na tambaya. Tana jin daga inda tambayar ta fito ta ja mayafi ta ce, "Ki ce mai lahiyata lau."

Ya ce a bar shi ya haska idonta da ƴar tocila. Ta ƙi. Ya ce a kai ta Yamai a ɗauki hoton kanta, don a lokacin babu na'urar a Maraɗi. Ta ce ita ba ta zama cikin mota ɗaya da shi yini guda, jama'a na kallo. Ba wanda ya ga laifinta. Baba ma cewa ya yi a bari a ga abin da jiƙon magani na Tibiri zai yi, ga shi likitoci sun yi watanni ba albashi, ba tabbas a tarar da kowa bakin aiki. Hutun Yaya ya ƙare, ya koma.

Damina ta sauka, gulbi ya cika, hannun Inna ya daina riƙe muciya. Sai bayan an yanke gero Kaka ta zo da sandarta, ta zauna tsakar gida ta ce ba ta tashi sai ɗiyarta ta shiga mota. Yaya ya sake zuwa. Shi ya zauna gaba, mu muna baya.

A Yamai aka ba shi hoton. Ya ɗaga shi wajen taga ya daɗe yana kallo. Ya nuna mini wani farin abu kamar ƙwan zabo, can ta wajen goshi, ya ce ƙari ne, kuma ya girma har ya wuce tiyata. Na tambaye shi da an zo tun bazara fa? Ya mai da hoton cikin ambulan ya ce, "Allah shi ya sani." Bai taɓa ƙara mini komai a kan wannan ba.

Muka dawo da ita gida. Ciwon ya fara canza mata hali. Inna da ba a jin muryarta daga soro, ta koma tana faɗin duk abin da ya zo bakinta. Wata rana da la'asar, mata sun cika ɗaki sun zo dubiya, Yaya ya gitta ta bakin ƙofa. Sai ta ɗaga kai ta kira sunansa, sunan yanka, da ƙarfi. Gwaggonmu ta fara salati, wata ta fita tana kuka, don a wurinsu wannan ita ce alamar tafiya ta zo.

Yaya ya cire takalmi ya shiga ya durƙusa. Ya ce, "Na'am, Inna."

Ta kama fuskarsa da hannun da ya rage mata, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, ta ce, "Kai, ka rame. Can ba su ba ka tuwo?"

Daga ranar ba ta daina kiransa ba, ko da dalili ko babu, har ta cika kafin sanyi ya fita.

Yanzu akwai na'urar a Maraɗi, ɗan kabu-kabu ma zai kai ka ƙofarta. Ɗiyata tana kiran ɗanta na fari da sunansa, tana goya shi ta shiga kasuwa, ba mai ko waiwaye. Yaya ya yi furfura. Shi da abokan aikinsa sun kafa kamfani, suna neman ƙera ƙaramar na'ura da za a iya kai wa mara lafiya har gida. Bara da ya zo, bayan mun dawo daga maƙabarta da gaisuwar dangi, ya ce mini wurin da ƙarin Inna ya danne shi ne wurin da ke riƙe wa mutum baki. Ya ce a wajen aikinsa, in an nuna masa hoton, abin da zai faɗa ke nan: ciwo ne ya yi magana.

Na ce, "To kai mi ka ɗauka?"

Ya murza hularsa. Can ya ce ya ƙare rayuwarsa yana gyara na'urar don ta ga abin da ya fi ƙwayar gero ƙanƙanta, amma har yau ba ta nuna masa ko ciwon ne ya sa sunan a bakinta, ko dama can yana nan. Ya ce shi dai ya san bai bar kira ko ɗaya ya faɗi ƙasa ba.