Ɗan Ragon da Kaka Habsu Ta Hana a Ɗinke

Shekara arba'in ke nan da muka kai kakata Habsu makwancinta a Ollelewa. Na tuna da ita ne da jikata ta karanto mini cewa masana na ɗinke tsohon ɓera da ƙarami gefe da gefe, jininsu ya gauraya, wai ko tsufa zai ja baya. Jikar tawa ta ɗauka sabon abu ne.

A shekarun 1920, Kaka na da goyon fari, wani likitan dabbobi Bafaranshe ya sauka barikin Tanout, ya sa aka tattaro ƴan raguna daga ƙauyuka. Aka haɗa da nata, maraya, wanda ta raina da nonon akuya. Ta bi sawu da ƙafa, da ɗiya a baya.

A garken bariki ta ga abin da har ta mutu ba ta ba da labarinsa tana cin abinci: tsohon rago da ƙarami an ɗinke musu fata wuri ɗaya, tsohon na tuƙa, ƙaramin na rawar jiki. Nata na ɗaure yana jiran layi. Ta kwance shi, ta miƙa wa wata Bafulatana da za su yi arewa da shanu, ta dawo ta zauna a bakin garken.

Da aka nemi ragon aka rasa, gardi mai tsaron bariki ya kai ta gaban likita. Tafinta ya ce, "Ke, ina ragon Nasara?"

Ta ce, "Malam, gaya masa tsohon ya ci ciyawarsa. Nawa bai ci tasa ba."

Aka tsare ta tana daka wa soja hatsi har lokacin girbi ya wuce, tafin hannunta ya tsage. Ba ta faɗi inda ɗan ragon yake ba. Ragon ma bai dawo hannunta ba, kuma ba ta taɓa cewa ta yi asara ba.

Da tana nan yau, ba ɓerayen kaɗai za ta tambaya ba. Za ta dubi mu tsofaffi da muke tura samari hamada neman zinariya, mu zauna a inuwa muna jiran aike.

Ni ma gwiwata ta gaji, idona ya yi hazo. Jikata ta ce, "Kaka, in maganin tsufan ya fito, za ki sha?"

Na ce in da jinin yaro aka yi shi, a bar ni da sandata. Habsu ba ta bar mana garke ba. Wannan taurin kan ta bari, kuma ina riƙe da shi.