Ranar da Motar Baba Ta Ƙi Wanke Ido

Har yau in na ji ƙamshin masara a kan garwashi, sai kunnena ya ɗora masa wani sauti: ƙiiƙ, ƙiiƙ, kukan waifa tana gogar busasshen gilashi. Tare suka zo mini a wani maraice na tsakiyar damina, a gidanmu na Zakka, ina 'yar shekara tara.

Kaka, wadda ta haifi Baba, takan hura wuta a rumfar ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwo. Ni da ƙanwata Ummi mu raɓe a jikinta, tana juya masara tana ba mu tatsuniya. Kusa da rumfar, gefen rumbu, nan Baba ke ajiye a-kori-kurarsa, wadda yake ɗaukar mutanen unguwa da kayansu zuwa kasuwanni.

Ran nan ya dawo daga Safana fuska ba walwala. Wata babbar mota ce ta watsa masa taɓo a gilashi. Ya ja sandar fesa ruwa, ko ɗigo bai fito ba, waifa kuma ta shafe taɓon har gilashin ya koma kamar bangon ƙasa. Da ƙyar ya taka burki a bakin wani rami. Ga shi washegari kasuwar Batsari, mutane sun riga sun ɗaure kaya.

"In ba ta fesa ruwan nan ba, ba inda za ni," in ji shi. "Ba zan ɗauki rayukan mutane ina lalube ba."

Ya ɗaga bonet, ya cije tocila a haƙori. Kaka tana zaune gaban wutarta. Na lura dai masarar da ke hannunta ta ƙone ta gefe ɗaya, abin da ba ta taɓa bari ya faru.

"Kaka, tatsuniya," in ji Ummi.

Kaka ta ajiye masarar gefe ta ce, "To, ga ta nan tafe, ruwa ya jiƙa ta. Ku matsa mata."

Muka ce ta shigo ta ji ɗumi.

Wai an yi wani falke mai jaki ɗaya, shi kaɗai ne ɗa wurin uwarsa. Duk ranar da zai yi tafiya, sai uwar ta tashi tun kafin zakara, ta rataya wa jakin laya a goshi, ba tare da ɗan ya sani ba.

"Me ya hana ta rataya wa ɗan?" Ummi ta tambaya.

"Ke da azarɓaɓi. Ɗan yana da tasa. Amma a cikinsu wa ke kallon hanya, shi ko jaki?"

Ina sauraron Kaka da kunne ɗaya, ɗayan yana wajen mota. Baba yana bin abin daki-daki, yana magana shi kaɗai. Tanki cike yake da ruwa. Ya zaro fiyus ya haska, lafiya lau. Ya miƙa hannu ta taga ya ja sandar, ɗan famfon ya yi gurnani kamar kyanwa, ke nan wuta tana zuwa. Ya bi siririn tiyon da yatsa tun daga tanki har sama, babu tsaga, babu inda ɓera ya ci.

Kaka ta ci gaba. Tafiya ta bi tafiya, laya ta hau kan laya, har suka sauko suka rufe wa jaki ido. Wata rana falke yana gyangyaɗi a bayansa, jakin ya saki hanya ya nufi bakin wata tsohuwar rijiya. Taku uku ya rage. Taku biyu.

Sai Kaka ta katse tatsuniyar.

"Ya faɗa?" na ce.

"Ban sani ba, ƙawata. Ni ma nan na tsaya."

Tun da nake Kaka ba ta taɓa rasa ƙarshen tatsuniya ba. A daidai lokacin Baba ya zare tiyon daga 'yan hancin nan biyu masu fesa ruwa, ya tsokane su da allura. Wani abu baƙi mai danƙo ya biyo bakin allurar. Ya murza shi a yatsa, ya sansana, ya ɗan taɓa a harshe. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ɗanɗanon tawada, gawayi da ƙaro. Ƙaron ne ya taru ya daskare, ya toshe hanyar ruwan.

"Bai faɗa ba," in ji Baba daga ƙarƙashin bonet. "Falken ya farka, ya sauka ya ɗage layun."

Ya zo ya tsuguna gaban Kaka, ya nuna mata yatsansa a hasken wuta.

"Inna, tun yaushe?"

Kaka ba ta faɗin sunansa, da yake ɗan fari ne. Ta kau da kai ta ce, "Tun saukar ruwan farko, Direba. Rubutun tsari ne. Kofi guda duk jajibirin kasuwa."

"Wa ya nuna miki wurin?"

"Ina da ido. Na ga inda kake zuba wa motar ruwa."

"Da ni kika riƙa ba in sha."

"Kai ka sha naka tun kana goye. Ita wa ya ba ta?" Ta kalli motar. "Yanzu da ka faɗa ramin nan, da hannuna ke nan."

"Ban faɗa ba, Inna. Wa ya sani ko shi ya riƙe burkin?"

Ya karɓi ƙonanniyar masarar daga hannunta ya gatsa. Sannan ya sa aka ɗumama ruwa a tukunya, ya juye na tankin a gindin dalbejiya inda ba a takawa, ya ɗauraye tanki da tiyo har sau uku. Da ya ja sandar, siraran ruwa biyu suka tashi suka kama hasken wutar, suka gangaro a kan gilashi. Ummi ta yi tafi. Kaka ta goge ido da gefen zanenta, ta ce hayaƙi ne. Washegari ya kai mutane Batsari ya dawo da su lafiya.

Na girma ina ɗauka na gane darasin daren: ƙauna ma in ta yi yawa takan rufe ido, kuma Kaka ta ji tsoro ta daina. Haka na riƙa faɗa wa kaina duk lokacin da na ga wata uwa tana cusa wa ɗanta abin da bai nema ba. Ina tausaya mata, ina kuma ganin na fi ta sani.

Bayan rasuwar Kaka, ina koyarwa a Safana, Baba ya sa motar a kasuwa. Ina tsaye bakaniken mai saye ya ɗaga bonet, ya tambayi dalilin da ya sa take da tankin wanke gilashi biyu. A nan na ji daga bakin Baba cewa sati guda bayan wancan dare Baba ya sake tarar da tawada a ciki. Bai yi wa Kaka magana ba. Ya sayo wani ɗan tanki, ya ɓoye shi bayan batir, ya mai da famfo da tiyo can. Tsohon tankin kuwa ya bar shi a wurinsa, ba ya haɗe da komai, Kaka tana zuba masa kofinta duk jajibirin kasuwa har shekarar da ƙafafunta suka daina kai ta gindin rumbu.